Yayana ya dawo daga asibiti da robar fitsari, bayan gida kuma ya gagare mu

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri da maganar da zan kawo, ba mai daɗin ji ba ce amma tura ta kai bango. Yayana ne wanda nake bi, wata huɗu ke nan ya yi hatsari a hanyar Ejisu, yana kan babur tifa ta matse shi ya faɗa gwata, ƙashin baya ya karye daidai tsakanin kafaɗu, likita ya ce T4, laka ta taɓu. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai, hannuwa dai alhamdulillah ƙalau suke, hankalinsa ma garau. Sati bakwai muka yi a asibiti aka sallamo mu da keken guragu da robar fitsari da jakarta, aka ce mu riƙa zuwa fizio, wato wajen motsa masa jiki, shi ke nan. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda za ku yi da fitsari da bayan gida, ko kuma an faɗa a lokacin da hankalinmu ba ya jikinmu, Allah masani.

To yanzu ga abin da ke faruwa. Sai ya yi kwana biyar shida bai yi bayan gida ba, ciki ya kumbura kamar ganga, sai kuma kwatsam ruwa-ruwa ya fara zubo masa ba tare da ya sani ba, ran nan ma abokansa na bes sun zo gaishe shi suna zaune ana hira abin ya faru, tun daga ranar ya ce kada a ƙara shigo masa da kowa. Matarsa tana sayo maganin tsai da zawo a kemis tana ba shi. Shi kuma ya ɗauki wata dabara, ya daina shan ruwa, ledar piya wata guda ɗaya sai ta wuni a gefensa bai shanye ba, abinci ma daga shayi sai burodi, wai in bai ci ba ai ba abin da zai fito. Fitsarin cikin jakar ya koma kalar ataya, ga wari, ga wani farin abu kamar ƙasa-ƙasa, sau biyu robar tana toshewa muna ɗaukarsa a pragya, keken hayan nan mai ƙafa uku, cikin dare.

Sai kuma Juma'ar da ta wuce, yana zaune a keke kawai ya riƙe kai ya ce kamar ana sara masa gatari, gumi yana tsattsafo masa a fuska da wuya kawai, hanci ya toshe, mun ɗauka maleriya ce, tsohuwarmu har ta fara cewa iska ce. Da matarsa ta zo gyara masa zama sai ta ga ashe ya danne tiyo ɗin ya lanƙwashe, tana warwarewa fitsari ya cika jaka, ba a yi minti goma ba ciwon kan ya tafi kamar an cire ƙaya. Shin akwai haɗi ko dacewa ce kawai?

Gidan haya muke, bayi ɗaya ne na tsuguno ga matakala biyu kafin ka shiga. Tsohuwa ta dage a yi masa bentuwa da citta, wato a ɗura masa ruwan citta ta dubura. Kuma ya bar sallah, ya ce shi najasa ce a jikinsa dare da rana. Wanda ya taɓa jinyar irin wannan don Allah ya taimaka.

Nas ɗin Sawaba:

Wa alaikumus salam ƙanena, sannunku, Allah ya ba shi lafiya. Bari in fara da ciwon kan nan don shi ne zai iya kashe mutum yau-yau, sauran duk suna iya jira zuwa gobe. Ba dacewa ba ce. Sunansa autonomic dysreflexia, ka rubuta shi haka a takarda ku sa a aljihun kekensa domin ba kowane ma'aikacin asibiti ne ya saba ganinsa ba. Yana samun wanda lakarsa ta taɓu daga T6 zuwa sama, yayanka kuwa T4 ne, wato sama da T6. In wani abu ya takura wa jiki a ƙasan inda ya ji ciwon, galibi mafitsara ce ta cika ko kashi ya taru, wani lokaci har matsattsen wando ko farcen da ya shige nama, to shi ba zai ji zafin ba amma jijiyoyin jini sai su matse, jini ya hau lokaci guda. Irinsu dama awon jininsu ƙasa yake zama, na sama 90 zuwa 110, saboda haka in ka ga 140 ko 150 a wurinsa kada wani ya ce maka ai ba komai. In aka bari yana kai wa ga farfaɗiya ko jini ya fashe a ƙwaƙwalwa.

In ya sake faruwa kada ku kwantar da shi. Ku zaunar da shi a miƙe ƙyam ƙafafu a ƙasa, ku sassauta duk abin da ya ɗaure shi, ku bi tiyo daga sama har jaka ku ga ko ya lanƙwashe ko jakar ta cika. In robar ce ta toshe ko ba ku gano dalili ba kuma ciwon bai sauka cikin 'yan mintoci ba, asibiti kai tsaye, emajensi, ba kemis ba. In da hali ku sayi ɗan injin awon jinin nan na batir ku san nawa yake zama ranar da yake lafiya.

Sai maganar ruwa. Dabarar nan tasa ita ce take toshe robar, ita ce kuma take ƙara busar da kashin. Mai roba a jiki yana buƙatar kamar lita 2 a wuni in likita bai hana ba, wato ledar piya wata guda huɗu, tunda kowace leda rabin lita ce. A zafin Kumasi ma ba yawa ba ne. Ma'aunin shi ne kalar fitsarin, ya zama fari-fari kamar an tsoma lemun tsami a ruwa. Jaka kullum ta kasance ƙasa da mara amma kada ta taɓa ƙasa, a zubar kafin ta cika dam, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan, a manne tiyo a cinya da filasta don kada ya riƙa fizgar gabansa. Ku tambaya wace irin roba aka sa masa, mai ruwan ɗorawar nan ta 'yan makonni ce, ta silikon ce take iya kai wa kusan wata uku.

Kuma don Allah wari ko duhun fitsari kaɗai ba dalilin shan antibayotik ba ne, duk mai roba a jiki in aka auna fitsarinsa sai an ga ƙwayoyin cuta, haka abin yake. In kuka riƙa sayen sipro a kemis duk sati, ranar da ciwon gaske ya zo ba maganin da zai ci shi. Zazzaɓi, rawar ɗari, jini a fitsari, ƙafafu su ƙara fizge-fizge fiye da yadda suka saba, jiki ya mutu, to nan ne za a kai fitsari lab a ga wane magani ya dace.

Zawon nan kuma ba zawo ba ne. Kashi ne ya taurare ya toshe hanya kamar dutse a bakin kwalbati, sai na ruwa ya riƙa tsiyayowa ta gefe. Maganin tsai da zawo ƙara toshe shi yake yi, a daina yau. In yana shan tramol ko wani mai kodin don ciwo ku faɗa wa likita, su ma suna ɗaure ciki. Wanda ya taru yanzu ku kai shi asibiti a fitar, kada ku fara taɓawa a gida, saboda taɓa wurin ma yana iya tayar da ciwon kan can, su suna da man da ke kashe zafin wurin da suke sawa tukuna.

Na ƙarshe, ku nemi a tura ku wajen likitan mafitsara, akwai su a asibitin Komfo Anokye. Tunda hannuwansa lafiya ku tambaya ko zai iya koyon sa roba da kansa yana cirewa. Kuma a duba masa ƙoda da sikanin, don mafitsarar da ke riƙe fitsari da ƙarfi tana mayar da shi sama ta lalata ƙoda shiru ba ciwo ba alama.

Baba Alabar:

Yaro ka ji maganar tsohuwarka. Mu da bentuwa aka raine mu, citta da ɗan barkono a niƙa a tace, ko minti biyar ba a yi ciki ya wanke tas. In ba ku so wannan a jiƙa masa filasko ya sha. Komai sai asibiti komai sai asibiti, kuɗin pragya ma kaɗai ya ishi mutum. Allah ya ƙara sauƙi.

Nas ɗin Sawaba:

Baba ina gaisuwa, amma a nan kam ban bi ka ba. Kai in barkono ya ƙona ka za ka ji ka yi tsalle ka cire, shi ba zai ji komai ba, bakin bentuwa zai iya yaga masa hanji bai sani ba sai an ga jini ko zazzaɓi, kuma zafin cittar kaɗai ya isa ya harba masa jini sama kamar yadda na faɗa. Filasko kuwa gaskiyarka yana aiki, ƙwayar senna da muke bayarwa ma daga dangin ganyen ake yin ta, bambancin ita an auna, ana sha da dare ta yi aiki bayan awa 8 zuwa 12. Jiƙo ba ka san ƙarfinsa ba, yau ya yi kaɗan gobe ya wuni yana zuba a gado.

Mai Keken Nima:

Ɗan'uwa na karanta saƙonka sau biyu, wallahi kamar ni ake ba labari. Shekarata tara a kan keke, daga bene na faɗo wajen aikin gini a nan Ankara, wato Accra, nawa T10 ne. Ka karanta wa yayanka wannan, ka ce daga wanda ya riga shi shiga layi ne.

Shekarar farko ni ma haka na yi, na daina ci na daina sha na rufe ƙofa, na rame kamar sandar rake. Mutane suna zuwa suna cewa Allah ya tashi kafaɗunka, suna kallon ƙafafu, ni kuwa a raina ƙafa ba ta dame ni kamar in san ba zan ɓata wando a gaban mutane ba. Da a lokacin za a ce in zaɓa tsakanin tafiya da riƙe bayan gida, ban san wanne zan ɗauka ba, kuma duk wanda ke kan keke ya san abin da nake nufi.

Abin da ya canja min rayuwa agogo ne. Hanjin nan bai mutu ba, wayar da ke tsakaninsa da kai ce ta katse, yana nan yana aikinsa sai dai ba mai ce masa yanzu ko an jima. To sai ka sa masa lokaci kamar yaron makarantar allo. Ni nawa bayan asuba ne, kwana ɗaya tsakani, ba fashi ko ranar sallah ce. Ina shan koko mai zafi da ƙosai biyu uku, saboda abinci in ya sauka a ciki hanji yana motsawa da kansa bayan kamar minti 20 zuwa 30, da wannan motsin ake haɗa kai. Sai in kwanta ta gefen hagu, in sa safar hannu, in shafa man nan mai ruwa-ruwa na famasi, in sa maganin matsi, bisakodil nake amfani da shi, wasu gilisarin ya ishe su. Dole maganin ya taɓa jikin bangon dubura, in ka cusa shi cikin kashi ka yi asarar kuɗinka. In jira kamar kwata zuwa rabin awa in hau kujerar fo. Ina murza ciki daga ƙasan dama in haura, in ratsa saman cibiya, in gangaro hagu, haka hanjin yake kwance. Sannan yatsa da safa da mai, a hankali, a zagaya kamar sakan 20 a cire, a jira minti biyar zuwa goma, a sake, har sai an ji wurin ya zama wayam. Farce a yanke ƙwal. Da farko awa ɗaya da rabi nake yi har da kuka, yanzu minti arba'in na gama na yi wanka na fita shago. Amma fa kada ya ɗauka sati ɗaya zai daidaita, ni sai da na yi kusan wata biyu ana yi ana ɓatawa. Kuma a fara nuna masa a asibiti, musamman shi da yake da matsalar hawan jinin nan da nas ta faɗa, ni nawa a ƙasa yake ban cika samunta ba. Akwai kuma waɗanda nasu ciwon yake can ƙasan ƙugu, su hanjinsu saki yake yi, maganin matsi bai cika yi musu aiki ba sai dai a kwashe da yatsa kullum, kada wani ya kwafi na wani.

Abinci kuma shayi da burodi su ne suka ɗaure shi. Tuwo da miyar ayoyo ko kuɓewa ko kuka, kontomire, waakye, gwanda, lemu da ɓargonsa, mangwaro in lokacinsa ya yi. Amma a ƙara a hankali kuma da ruwa, ganye ba ruwa siminti ne. Kowa da abin da ke tayar masa da ciki, ni burkina da shito mai yawa ne, na gano ne don ina rubutawa a ɗan littafi, me na ci, yaushe ya fito, mai tauri ko mai laushi. Ataya da goro kuma a rage, na san faɗa wa mutumin Kumasi ya rage goro kamar zagi ne, amma suna ƙara fitsari suna tsokanar mafitsara.

Fitsari kuwa shekara biyu na yi da roba a jiki, har sai da ta fara tsaga min bakin gaba sannan aka koya min sawa da cirewa. Duk awa huɗu zuwa shida, alam a waya, in wanke hannu da gaba da sabulu, in shafa mai a ƙaramar roba, in zura a hankali, in ta tsaya ba a tura ta da ƙarfi, a ja numfashi a jira ta wuce, fitsari ya fita tas in zare. Dokar ita ce abin da zai fito kada ya wuce rabin lita, cikin ledar piya wata ɗaya ke nan, ina da gorar da na yi wa alama da biro. In ya wuce, ko na sha da yawa lokaci guda ko na makara. Shi ya sa mai irin wannan hanyar yake rarraba ruwansa ya kuma rage bayan magariba, ba kamar mai jaka ba. Kamfani dai cewa yake a yi amfani da robar sau ɗaya a yar, gaskiya aljihuna bai kai nan ba, ina wankewa da sabulu in ɗauraye in shanya in sa a tsaftataccen mazubi in canja bayan 'yan kwanaki, haka aka nuna min, shi ma ya tambayi wanda zai koya masa. Banda shafa wa robar basilin. In fitsari yana yoyo tsakani akwai ƙwayar da ake bayarwa, oksibutinin, tana busar da baki tana kuma ɗaure ciki, sai an daidaita.

Na zauna na karanta tarihin abin don haushi. A yaƙin duniya na farko mafi yawan sojojin da lakarsu ta katse ba su daɗe ba suka mutu, kuma ciwon fitsari da gyambon kwanciya ne suka kashe su. Sai wani likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila a 1944, ya dage a kan juya majinyaci da sa roba a cire, daga wasannin da ya fara shirya wa majinyatansa ne ma gasar Paralimfik ta samo asali. A 1972 wani likitan mafitsara a Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa ba sai da kayan tiyata ba, hannu mai tsafta da sabulu ya isa in dai ana zubarwa a kan lokaci. Wato abin da nake yi a bayan shagona da buta ya fi shekara hamsin a duniya, mu ne dai ba a faɗa mana.

Ku je ofishin Soshal Welfeya na asambulinku, ku Aboabo Asokore Mampong ne, a yi masa rajista, akwai kason da ake ware wa naƙasassu daga Common Fund, kuma katin helf inshora kada ku bari ya mutu. Ba ya zuwa da wuri, amma a sa suna.

Malamin Tsangaya:

Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ka gaya masa sallah ba ta faɗi a kansa ba kuma jikinsa bai hana shi ba. Wannan babin malamai sun gama shi tun tuni, shi ake kira salas. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda fitsari ko bayan gida yake zubo masa ba da ikonsa ba, in abin yana ɗaukar rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, an dai so ya sabunta ta ga kowace sallah in ba wahala, kuma abin da ya taɓa tufafi na irin wannan lalura da ke zuwa kullum an yi rangwame a kai. Jakar da ke jikinsa ba ta hana komai. Sahabi Imrana ɗan Husaini basir gare shi, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance ta gefe. In ruwa ya yi wuya ga taimama. Ku samu limamin unguwarku ya shigo ya zauna da shi su biyu, ya fi a aika masa da saƙo. Azumi in ya zo kuma a tambayi likita tukuna, mai toshewar roba saboda rashin ruwa ba a ce ya wuni da ƙishi ba.

Maman Biyu Asawase:

Ni tawa jinyar daban ce, mahaifiyata ce ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, ita tana jin fitsarin sai dai kafin a kawo fo ya zubo, ga baki ya karkace ba ta iya kira da wuri. Duk awa biyu muke ɗora ta ko ta ce tana ji ko ba ta ji, a hankali muka mayar awa uku, yanzu pampas sai da dare kawai. To na shanyewar ɓarin jiki sau da yawa yana gyaruwa da lokaci, na laka kuwa tsari ake yi masa, kada a haɗa.

Abin da na shigo in faɗa biyu ne. Fata. Duk sanda ya ɓaci a wanke da ruwa da sabulu mara ƙarfi a tsane da tawul, ba a gurzawa, a shafa man zink ko man kaɗanya siriri, banda hoda, cuɗewa take yi. A juya shi duk awa biyu in yana kwance, safe da yamma a haska tocin waya a duba ƙashin gindi da ɗuwawu da dunduniya, a baƙar fata ba ja za ka gani ba, wurin ne zai ƙara duhu ko ya yi tauri ko ɗumi. In kashi ya haɗu da gyambo kun shiga uku.

Na biyu kuma, ɗan'uwa na lura duk labarinka matarsa ce ta saya, matarsa ce ta gyara. Kada ku bar mata ita kaɗai. Mace in ta wuni tana kwashe kashin miji ta kwana tana zubar da jaka, wata shida ba za ta kai ba sai ta faɗi, shi ma kuma nauyinta zai riƙa ji har ya daina iya kallon idonta. Ku maza ku karɓi na safen nan ku yi karɓa-karɓa har ya iya da kansa. Ni da yayata haka muka raba, ita Litinin zuwa Laraba ni sauran.

Ɗan Aboabo:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ban iya amsa kowa ɗaya-ɗaya ba. Anti nas mun kai shi washegari, abin da aka fitar daga cikinsa wallahi kamar tsakuwa, nas ɗin da ta yi sai da ta tsaya sau biyu tana auna jininsa. An canja roba an sa ta silikon, an ba mu ranar ganin likitan mafitsara wata mai zuwa. Na sayi injin awo, nasa 100 bisa 60 yake zama. Ruwa yanzu leda uku yake sha da faɗa, ta huɗun sai na tsaya a kansa. Mun fara na safe kwana goma ke nan, ni nake yi kafin in tafi Kejetia, sau biyu ya ɓata da rana ya ce ka gani ba amfani, sai na sake karanta masa inda Yaya na Nima ya ce wata biyu ya yi, ya yi shiru. Shekaranjiya ya ce a miƙo masa buta. Maman Biyu maganarki ta shige ni, gaskiya ce. Tsohuwa dai har yanzu bentuwarta tana rataye a ƙusa, mun ce mata likita ya ce sai ya warke.

Tambaya ɗaya, kujerar fo ta famasi ta yi mana tsada, wani abokina a Suame Magazine ya ce zai yanke tsakiyar kujerar roba ya yi mata ƙafafun ƙarfe mu sa bokiti a ƙasa. Zai yi?

Mai Keken Nima:

Zai yi, tawa ta farko ma welda ne ya haɗa min. Amma bakin da aka yanke kaifi gare shi kamar reza kuma shi ba zai ji yana yankarsa ba, a goge shi sumul a naɗe da soso mai kauri a rufe da ledar kujerar mota. Ramin kada ya yi faɗi har ɗuwawu su zurma, a buɗe ta gefe ɗaya inda hannu zai shiga, a yi mata hannuwa da majingina don T4 ba ya riƙe zama da kansa, in da hali har da bel a ƙirji mara matsewa. Tsayinta ya zo daidai da kekensa saboda sauƙin tsallakawa, ƙafafunsa su taka wani abu kada su yi lilo. Kada ya wuce awa ɗaya a kai, in ya sauka ka haska toci ka duba inda ya zauna. Ka turo hotonta kafin ya hau in gani.